Takalmi a Bakin Rami

Ku yaran da kuka zo gidana ranar Asabar da wayoyi a hannu, kuka ce in kai ku rami ku ɗauki hoto, ku nake yi wa wannan rubutu. Ɗayanku, mai gashin nan kamar an yi gobara a kansa an kashe, har cewa ya yi, "Mama, ai shiga rami ba wani abu ba ne, sauka ce kawai." Gaskiyarsa. Sauka ba wani abu ba ce. Akuya ma tana sauka, kuma ba wanda ya koya mata. Ni fitowa nake sayarwa.

Sunana Hajara, amma in ka shiga Wuro Hausa kana tambayar Hajara za a tara maka mata cike da keke. Ka ce Adda Mai Rami. Aikina neman tsofaffin ramukan da aka haƙa aka bari: na yumɓu, na farar ƙasa, na marmara, har da waɗanda masu neman dutse suka ɓarke a bayan gari suka watse da kasuwarsu ta mutu. In gano bakinsu, in shiga, in bi su in ga inda suka nufa, in fito in ce wa mai fili: nan ka yi gini, nan kuma ko akurkin kaza kada ka ɗora. Rubutun nan da hannuna na yi shi. Sai da na aurar da 'ya'ya sannan na shiga ajin manya, saboda haka wanda ya ga harafi ya karkace ya gyara a zuciyarsa, kada ya zo mini gida.

Ramin farko da na sani na Goggo Dije ne, ƙanwar babana, maginar tukwane. Su tsofaffin magina ba sa sayen yumɓu, binsa suke yi. Su haƙa ƙasa kamar rijiya, in sun tarar da jijiyar yumɓu mai kyau sai su karkata su bi ta a kwance, da rarrafe, duk inda ta yi. In ta ƙare, su jera itacen ƙirya a bakin ramin, su ɗora tsohon kwano, su zuba ƙasa don kada saniyar wani ta faɗa a yi shari'a. Daga nan su mutu abinsu ba su gaya wa kowa ba. Gari kuma ya girma ya hau kai. Rabin masu taƙama da bene a bayan garin nan, a kan aikin kakata suke kwana.

Shekarata ta farko wurin Goggo ban taɓa diga ba. Gadin takalmi na yi. Dokar aikin ke nan: ba a shiga rami da takalmi, domin tafin ƙafa ne ke fara jin laima da tsagewar ƙasa kafin ido ya gani. Sai ka tuɓe ka ajiye su a baki, hancinsu na kallon ramin. Duk wanda ya san ƙasa, magini ko mai haƙar rijiya ko direban tifa, in ya ga takalmi a bakin rami ya san akwai rai a ciki, ba zai jefa ko tsakuwa ba. In babu takalmi, ramin na kowa ne. Kuma ba a ajiye masu kyau. Goggo ƙafa ɗaya ja take sa wa, ɗaya shuɗiya, wai don ɓarawo ma ya gani ya ji kunya. Na ce mata, "Goggo, to in ɓarawo ba zai ɗauka ba, gadin me nake yi?" Ta ce, "Ke nake gadi. In kin iya zama wuri ɗaya rana na dukanki ba ki tashi ba, na san in na shiga ƙasa zan same ki." A lokacin na ɗauka mugunta ce irin ta goggonni.

Kayan aikina ba su cika buhu ba. Akwai rodi mai tsini, tsawona, da nake dukan ƙasa da shi. Ƙasa mai ciki ba ta amsawa kamar cikakkiya, sautinta kamar ka buga tulun da ba ruwa. Akwai igiya, da ƙaramar diga, da buta. In na zuba ruwa a fili ya tsaya yana kallona, lafiya. In ya ɓace kamar an kira shi, akwai magana. Ina duba ciyawar da ta ƙi bushewa da rani, da inda gara ta ƙi yin gida. Mafi amfani kuma, ina neman tsohuwar da ta fi kowa tsufa a unguwa in kai mata goro in bar ta ta zagi matan da suka mutu. A cikin zagin za ka ji wadda ta haƙa rami a ina, ta hana wa.

Fitila da kaina na haɗa ta. Kan tocila na ɗaure a goshi, na ja waya ta bi ta wuyana ta sauka zuwa ɗamara, inda na jera manyan batura a cikin tsumma na ɗinke. Ta fi ta kanti daɗewa, kuma hannuwana biyu suna sake. Ku riƙe wannan ɗamarar a ranku, za mu dawo kanta.

Sai kaza. Iskar tsohon rami tana kisa ba wari ba hayaniya, mutum ya ji barci kawai. Saboda haka kafin in sauka sai in zura kaza a kwando. Ta dawo tana zagina, in shiga. Ta dawo ta yi laushi, mu koma gida a yi miya. Duk kazar da na yi aiki da ita Sakatariya nake kiranta, domin duk ofishin da na taɓa zuwa, sai an wuce ta wurinta kafin a ga mai wurin.

Wani aiki a Bekaji, wata Hajiya ta kira ni wai aljanu na kiɗa a ƙarƙashin gadonta. Ta yi hayaƙi, ta yi sauka, ta kira fasto ma a ɓoye don kada a bar wata ƙofa. Na sami bakin ramin a bayan kicin, na shiga, na tarar bututun wankan maƙwabcinta ne ya fashe yana ɗiga a kan wani tsohon daro. Na ɗauke daron. Bayan kwana biyu ta aiko wai in mayar, ta saba, ba ta iya barci. Wani kuma, ma'aikaci mai ritaya, ya rantse Bature ya binne zinariya a filinsa. Na yi yini a ƙasa na fito masa da ƙashin jaki da fo, abin kashin yara. Ya karɓi fon ya juya shi, ya ce, "Kin gani ko? Na Bature ne." Masu fili iri biyu ne: masu son in sami abu a ƙasa, da masu son in rantse babu komai. Na biyun sun fi yawa, sun fi kuma haɗari.

Muguwar shekarar ita ce wadda mutanen Mubi da Michika da Madagali suka cika garin nan, wasu a mota, wasu a ƙafa, yaran daji na bayansu. Gida mai ɗaki biyu sai ka ga ana dafa abinci a tukunyar biki. Kowa na neman inda zai ɗora bulo, fili ya yi tsada, har kwazazzabo dillalai sun sa masa lamba. Aiki ya yi mini yawa, amma tsoro ya fi aikin yawa. Murfin tukunya ya faɗi, kasuwa ta watse. Ga jita-jita wai suna haƙa hanya ta ƙarƙashin ƙasa za su ɓullo tsakiyar gari. Ga kuma maganar mata masu ɗamarar bam, wadda ba jita-jita ba ce, mun binne mutane. A irin wannan shekara ni ce matar da sana'arta shiga ƙasa da batura a ƙugu.

Aikin da ya kusa cinye ni a wata unguwa ce bayan Sangere, ba zan faɗi sunanta ba don masu filaye kada su ci ni ɗanya. Wani dillali, Alhaji Manu, ya zo har gida yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai neman aure. Yana da fuloti, ya riga ya yi wa wani tsohon malamin makaranta alkawarinsa, Malam Filibus, mai son gina ɗakuna don danginsa da suka gudo. To yaransa na share fili sai ƙafar ɗaya ta burma. Yana so in duba a asirce, in na fito tifa na nan tafe da jar ƙasa a toshe bakin. Na ce, "Alhaji, toshe baki ba ya cika ciki." Ya ce, "Ke dai duba, Adda. Kuma ba ki san ni ba, ban san ki ba." Na ɗauka salon magana ne.

Mai riƙe mini igiya a lokacin Hamma Buba ne, mutum mai ƙiba da natsuwa, wanda na zaɓa domin ban taɓa ganin ya yi sauri ba ko a kan tuwo. Da hantsi muka isa. Sakatariya ta sauka ta dawo lafiya. Na tuɓe takalmina, ja da shuɗi, na jera su. Na sauka, na kwance igiyar ya janye ta sama don ya zuro mini buta in na nema. Na tura kwandon kaza a gaba, na bi hanyar da rarrafe. Aikin tsofaffi ne mai kyau, har da 'yan gurabun da suke ajiye fitilar aci-bal-bal. Hanyar ta ratsa fulotin Alhaji daga wannan kusurwa zuwa waccan ta wuce.

Abin da ya faru a sama daga baya aka ba ni labari. Tifar ta iso, tana juyawa za ta ja da baya sai tayarta ta taka wani ƙarfe ta fashe. Ƙara ɗaya. Unguwa ta tashi. Masu talla suka zubar da faranti, masu keke suka bar keke, wani aka ce ya ɗauki akuyar maƙwabci a zaton ɗansa ne. Hamma Buba, wanda ban taɓa ganin ya yi sauri ba, ya saɓa igiyata a kafaɗa bai tsaya ba sai da ya tsallake gada ya shiga Jimeta. Direba shi ya san tayarsa ce, ya zauna ya canza abarsa a natse. Ya gama, ya zo bakin rami ya duba kamar yadda aka koya masa. Ba igiya, ba mai igiya, ba takalmi. Ya ɗaga bodi ya juye.

Ni a ƙasa sai na ji iska ta mare ni ta baya, ƙura ta cika mini baki. Na ja da baya na taɓa inda na shigo, na ji jar ƙasa sabuwa, har da ɗuminta na rana. Na faɗi abin da na faɗa game da Hamma Buba da zuriyarsa, ba zan rubuta ba tunda malamarmu ta ajin manya za ta karanta. Sannan na tuna karatun Goggo: doguwar hanya ba ta rasa hanci. Tsofaffi ba sa nisa a ƙasa sai sun huda wani bakin don numfashi. Na buɗe kwando na saki Sakatariya. Kaza ba ta son duhu, kuma ta fi mutum jin inda iska ke motsi. Ta tsaya ta yi tunani irin nasu, ta kama hanya, ni kuma uwar 'ya'ya, mai sana'a, na bi bayan kaza da gwiwa.

Mun yi tafiya har gwiwoyina suka daina gaya mini suna ciwo. Sai saiwoyi suka fara shafa mini fuska, na ji ƙamshin mangwaro. Ga rami ya miƙe sama, da matakan ƙafa a jikinsa. Na cusa kaza a zani, na hau. A sama na taɓa itacen ƙirya da ruɓaɓɓen kwano. Kuma na ji murya, ta dattijo, tana tafiya a hankali kamar ana karanta wasiyya.

Ashe Jauro ne, mai unguwar, ya tara jama'a a gindin mangwaronsa don a kwantar da hankali bayan ƙarar. Limami na nan, dattawan coci na nan, 'yan banga na nan, Alhaji Manu ma na nan a sahun manya. Tabarmar Jauro kuwa a kan hancin ramin take shimfiɗe, shekara da shekaru, bai sani ba. Na kasa kunne na ji yana cewa, "Jama'a, taya ce. Maganar wai ana haƙa ƙasa kuwa, ƙarya ce. Ni aka haifa a nan. Ƙasar nan da nake zaune a kai, babu abin da ke cikinta sai albarka."

Na yi sallama, ba wanda ya ji. Na sake yi. To numfashi ya fara yi mini nauyi, ba lokacin ladabi ba ne. Na sa rodi tsakanin itace biyu na tura da ƙarfina. An ce tsakanin gwiwoyinsa ya ɓullo, ta cikin tabarma.

Ban ga gudun ba, na dai ji shi, kamar garken shanu a kan gada. Na faɗaɗa hudar, na ture itace ɗaya. Bisa ƙa'ida na fara tura Sakatariya ta gwada iskar waje. Ta fita ta karkaɗe jiki ta kama tsattsage gyaɗar da aka zubar. Na ce iska lafiya. A ranar nan kazar ta yi mini ƙarya, don iskar sama ta fi ta ƙasa guba. Na fitar da kai, na fitar da kafaɗu, na ja jiki har ɗamara ta fito, sai ƙuguna ya ce nan ya tsaya. Itacen ƙirya ta dama, itacen ƙirya ta hagu. Ba gaba, ba baya.

Ku dubi abin da suka gani. Mace ja wur tun daga gashi har gira, rabi a duniya rabi a ƙasa, fitila na ci a goshinta da rana tsaka, waya ta sauko ta wuyanta ta shiga wata ɗamara mai ƙulli-ƙulli. Ni ma da na gani da na gudu. Su ma sun gudu, amma mutanenmu ne, sai suka dawo kallo. Suka yi da'ira daga nesa, masu leƙe ta bayan masu leƙe. Wani ɗan banga ya durƙusa ya saita ni da bindigar toka.

"Kar ka motsa! Mata, kar ka motsa!"

"Ina zan motsa? Ba ka ga na maƙale ba?"

Wani ya ce, "Ta cire ɗamarar!" Mai bindiga ya ce, "In ya taɓa zan harba!" Na kai hannu, a yi ihu. Na ɗaga hannu, a yi ihu. Na ce, "Ku shirya tsakaninku, ni ina nan." Wata murya daga baya ta ce an riga an buga waya, masu kaki na hanya.  A shekarar nan ba wanda zai matso kusa da mace mai waya a ƙugu don ya ji bayani, kuma ban ga laifin kowa ba. Abin da ya rage mini shi ne a san ni kafin motar ta iso.

Jauro ya leƙo daga bayan limami, hularsa a hannu. "Baiwar Allah, mutum ko aljan?"

"Barkama, ranka ya daɗe, mutum ce, 'yar Wuro Hausa. Hajara Mai Rami. Batura ne na tocila. Aiki aka sa ni a fulotin can, aka rufe ni a ciki. Ga wanda ya sa ni nan, Alhaji Manu. Alhaji, yi magana!"

Alhaji ya dubi Malam Filibus da ke tsaye kusa da shi, ya dubi sama, ya gyara babbar riga. "Ni? Ban taɓa ganin wannan mata ba. Kuma filina ba rami. Fili ne kamar faranti."

"Alhaji, za a harbe ni!"

"Allah ya kiyaye," in ji shi, kamar an ce masa ana ruwa a Numan.

Na ce a je a duba, takalmina na bakin ramin, ɗaya ja ɗaya shuɗi, an ɗinke igiyar jan da wayar kwano. Wani mai keke ya ruga ya dawo yana haki. Ba rami, ba takalmi, tulin jar ƙasa ne kawai. Da'irar ta ƙara ja da baya. Mai bindiga ya rufe ido ɗaya, ya ga bai isa ba ya rufe ɗayan.

Amfanin maƙalewa a rami ɗaya ne: idonka na daidai da ƙafafun mutane. Ban ga fuskoki sosai ba, ƙafa na gani. Silifa, kambas, sau-ciki, ƙafar Jauro guda ba takalmi. Can gefe, wajen mata, sai ga ja da shuɗi suna tsaye abinsu. Ƙafafun da ke ciki sun tsattsage, an ɗaure babban yatsa da tsumma, irin ƙafar da ta taka dutse kwana da kwanaki.

Ban yi wata kunya ba. Na buɗe maƙogwaro. "Ke! Ke mai takalmi kala biyu! A ina kika samo su?"

Duk aka juya. Mace ce doguwa, ramammiya, da goyo. Baƙuwa ce, kowa ya san baƙuwa ce, kuma a shekarar nan baƙon da aka haɗa sunansa da mai ɗamara ya shiga uku. Bayanta fili ne, da ta ja da baya taku biyu ta shige cikin mata shi ke nan. Na ga yatsun ƙafarta sun ƙanƙame takalmin. Sannan ta tako gaba.

"Ni ya ɗauka," in ji ta. Hausarta ta mutanen dutse ce. "Lokacin ƙara, ina gudu, ƙaya ya shiga ƙafa. Na gani takalmi, ba mutum. Na ce wanda ya bar wannan ba ya so." Ta sunkuya ta tuɓe su ta ɗaga sama, wayar kwanon na walƙiya. "Na yi sata. Amma wannan mata ba ya ƙarya."

Jauro ya ce, "A ina kika ɗauka?"

"Bakin rami. Wurin da Baba Filibus ya nuna mana, ya ce nan ne ɗakinmu zai zauna."

Malam Filibus ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya juya a hankali. "Alhaji. Wane rami?"

Jama'a, ban taɓa sanin rigimar fili ta fi bam ƙarfi ba sai ranar. Kafin ka ce me, da'irar ta tashi daga kaina ta koma kan Alhaji. Wannan na cewa shi ma wurinsa ya saya, wancan na cewa shi ya sa katangarsa ke tsagewa. Limami da dattijon coci suka haɗu a kan magana ɗaya, abin da aka daɗe ana nema. Jauro ya karɓi waya yana ba masu kaki haƙuri, wai taya ce da kaza. Mai bindiga ya saɓa abarsa ya tafi rabon faɗa. Aka bar ni a rami kamar turke.

Matar nan ce kaɗai ta zo. Saratu sunanta. Ta aro ruwan sabulu wurin masu wanki ta zuba mini a ƙugu, ta kafa ƙafa a saiwar mangwaro ta kama ni ta hammata. Ta ce, "Mama, ka yi numfashi waje." Na fito kamar an zare toshiyar kwalba, muka zube tare, goyonta na dariya. Sakatariya kuwa ɗan bangan nan ya tafi da ita wai za a yi bincike. Har yau ana binciken.

Hamma Buba ya dawo bayan kwanaki da igiyata a naɗe tsaf, wai ya je neman taimako ne. Na karɓi igiyar na ce ya gaida gida. Malam Filibus bai sayi fulotin ba. Ya sa na duba masa wani, na buga rodi ko'ina ƙasa ta amsa da cikakkiyar murya, nan ɗakin Saratu yake har gobe. Jauro ya matsar da tabarmarsa, amma an ce har ya rasu ba ya zama sai ya buga ƙasa da dunduniya.

Wannan abu ne ya kai ni makaranta. Na ce tunda takalmi ya ci amanata, bari in koyi rubutu in kafa allo. Na zauna a benci da jikokin wasu suna leƙe ta taga, na sha wahalar harafi mai ƙugiya, har na iya rubuta AKWAI MUTUM A CIKI da jan fenti a jikin falanki. Ranar farko da na kafa shi, na fito na tarar babu. Bayan mako na gan shi a ƙofar ban-ɗakin wata tasha, yana aiki fiye da yadda ya yi mini.

Sai na koma kan dokar Goggo, na ƙara mata abu ɗaya. Takalman nan na bar wa Saratu, ita ce mai igiyata tun daga ranar. Da su take zuwa aiki. In mun isa bakin rami ta tuɓe su ta jera, hancinsu na kallon ciki, ta zauna a kansu. Nawa ina jefa su a buhu. In sun tsinke mu sayi wasu, mu ɓata kalar da gangan, mai shago na kallonmu.

To ku masu waya, wanda ke son koyo ya zo ranar Litinin. Ba zai ga cikin rami ba bana. Zai zauna kusa da Saratu, a rana, ba hoto, yana kallon takalmi. In kuna ganin wannan ba aiki ba ne, ku ji na ƙarshe.

Bara muna wani aiki a hanyar Girei, ina can ƙasa, sai transifoma ta yi bindiga a bakin titi. Har cikin ramin na ji gudun mutane, na ce yau ma an kuma. Na rarrafo da baya ina jiran jar ƙasa a fuska. Na tarar da haske, igiya na lilo inda na bar ta. Na hau. Fili fayau, ba kowa, har masu aikin ginin sun bar shebur a tsaye. Saratu na zaune inda take, hawaye har haɓa, ta naɗe igiyar a hannu biyu. Ita da ta san ƙarar gaske, ta kuma san abin da ke biyo bayanta.

Na ce, "Ke kuwa me ya hana ki gudu?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar yara. Ta nuna ƙarƙashinta.

"Da wane takalmi, Adda? Kana ciki."